Gandun Kakanninmu a Ƙasar Rano: Kundin Yadda Aikin Yake Tafiya

14 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi, bayan na shafe kusan wata biyu ina kai-komo tsakanin Kano da ƙauyenmu da ke ƙasar Rano, ina laluben bakin zaren aikin da na ɗaukar wa kaina tun ranar sadakar arba'in ɗin Baffana. A wurin zaman makokin ne na lura cewa duk dattijon da ya tashi yabon magabata magana ɗaya yake maimaitawa, wai kakan kakanmu babban manomi ne, gandunsa ya kai inda ido ya tsaya, kuma hatsin bara yakan tarar da na bana a rumbunsa. Amma da na tambayi abin da mutanen gidan suke karyawa da shi da safe, da yawan matan da suka rasu a kan gwiwa, da hanyar da labari yake iso musu idan wani abu ya faru a birni, sai wurin ya yi tsit. Wannan ɓangaren nake son tattarawa a littafi, wato zaman yau da gobe na gida guda na manoma, tun daga zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, har zuwa shigar Turawa Kano a watan Fabrairun 1903.

Babbar madogarata ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara 85. Tun tana 'yar yaye aka ba da ita riƙo ga kakarta, wadda dukan gidan ke kira Iya, kuma a ɗakinta ta tashi har ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ita kuwa Iya budurwa ce lokacin Yaƙin Basasar Kano na 1893. Ke nan baki ɗaya tal ke tsakanina da wancan ƙarni, kuma wannan bakin yana nan da ransa da hankalinsa, sai dai ido da ya fara rauni.

3 ga Fabrairu, 2024

Na je wa Gwaggo da jerin tambayoyi a takarda, ta saurare ni har na kai ta huɗu, sannan ta ce, "Babana, ajiye takardar nan ka miƙo mini faifan can." Da yake sunan mahaifinta na ci, ba ta taɓa kama sunana ba. Sai da hannunta ya shiga tsintar wake sannan bakinta ya buɗe, kuma daga ranar na fahimci cewa hira da ita sai tana aiki. Yanzu nakan ajiye waya a gefen tabarma tana naɗar murya, da saninta da yardarta, ni kuma in riƙa taya ta da abin da take yi.

Abin da ta ba ni a zama uku ya fayyace mini ma'anar gandu fiye da yadda na ɗauka a da. Gandu ba gona ce kawai ba, yarjejeniya ce tsakanin mai gida da mazan da ke ƙarƙashinsa, ƙannensa da 'ya'yansa masu aure da marasa aure. Su suna ba shi ƙarfinsu daga hantsi zuwa azahar a yawancin kwanakin mako, shi kuma yana ɗauke musu ci da sha, da iri, da fartanya da garma, da kuɗin ƙasa idan jakada ya zo, da kuɗin auren fari. Bayan azahar kowa sai ya nufi gayaunarsa, kuma abin da ya noma a can nasa ne, ko ya sayar ya ɗinka riga ko ya tara. Mai gida kaɗai ke buɗe rumbu, shi ke fitar da damin da za a sussuka ya ba matar da ke da girki. Da safe ɗumame ne ko koko, da rana a kai fura gona a ƙwarya, da dare a tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, an kaɗa ta da daddawar da matan gidan suka dafa da kalwar ɗorawoyin gonar. Nama sai suna, ko Sallah, ko idan akuya ta kusa mutuwa aka riga ta da wuƙa.

Inda Gwaggo ta fi daɗewa shi ne kan auduga. Ta tashi ta lalubo wani tsohon mazari a ƙasan adakarta, wanda ta ce na Iya ne, ta ɗora mini a tafin hannu. Tsinken ya yi baƙi ya yi sulɓi, kuma daidai inda yatsa ke murza shi ya rame har ana jin kwarmin. Ta ce daga kaka har faɗuwar ruwa macen gidan ba ta zama hannu sake: a gurje auduga a fid da angurya, a shiɓe ta da baka, a kaɗa zare da abawa ana dangwalar alli, sannan a ba dillaliya ta kai kasuwa ko a kai wa masaƙi. Da kuɗin zare mace ke tara wa 'yarta ƙore da tasoshi, da shi take yin biki idan ƙawa ta haihu. A nan ne ta faɗi wata magana da alfahari, cewa Iya har ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe fartanya ba, haka uwar mijinta, domin matan gidanmu matan kulle ne. Na rubuta maganar na ja mata layi, saboda gonar da ake kwatanta girmanta ta fi ƙarfin maza shida ko bakwai da ta lissafa mini.

25 ga Fabrairu, 2024

Ɗan Baffa ya ba ni izini na buɗe gafakar da ke rataye a ɗakin mahaifinsa. A bayan Alƙur'ani na tarar da warƙa biyu da ba na cikinsa ba, gefensu gara ta taɓa. Da na ɗaga ɗaya a rana sai ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, alamar irin takardar nan ta ƙasar Italiya da fatake ke shigowa da ita ta Tarabulus, wadda malaman Daular Sakkwato suka yi rubutu da ita sosai. Limamin ƙauyen ya karanta mini, domin da Larabci aka yi rubutun. Jerin haihuwa ne na 'ya'yan mai gandun, guda 11, kowanne da ranar mako da watan da aka haife shi, kuma kusa da shida daga cikinsu an dawo da wata tawada an ƙara cewa ya rasu. Layi biyu kacal ke ɗauke da shekara, ɗayansu 1300 ta Hijira, wadda ta kama a watan Nuwamban 1882, kuma da ita na samu turken da zan ɗaure sauran lissafin.

Layi na huɗu shi ne na kakan mahaifina, mijin Iya, kuma a gefensa an rubuta cewa mahaifiyarsa ta rasu bayan kwana tara. Gwaggo ta san ya tashi maraya, amma da na tambaye ta wadda ta shayar da shi sai ta ce ai Allah ne ke rayawa, ta kawo wata maganar.

20 ga Afrilu, 2024

Azumi ya sa na ɗan dakata, sai bayan Sallah na koma. Zafin bazara ne ma ya jawo hirar cuta, domin Gwaggo ta ce a irin wannan lokaci ne gaban iyaye ke faɗuwa. Iya tana da zanzana a fuska har ta tsufa, ragowar agana da ta kama ta tana ƙarama, cutar da ba a son kama sunanta a gida sai a ce 'yan rani sun shigo. Wanda ta kama akan kafa masa bukka a bayan gida, kuma ba mai kai masa kunu sai wanda ya taɓa yi ya tashi, domin sun lura ba ta kama mutum sau biyu. Wannan lura daidai take, kuma ina ganin ya kamata a rubuta ta a matsayin ilimi, ba camfi ba. A shekarar da Iya ta kwanta, ƙannenta biyu ba su tashi ba. Yaran gidanmu na yau ba su ma san kalmar ba, tun da rabon Nijeriya da agana tun 1970, kuma a 1980 aka yi shelar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Ciwon da ya fi taɓa rumbu kuwa kurkunu ne. Ana shan ƙwayarsa a ruwan kududdufi, ya kwanta a jiki wajen shekara guda, sannan ya ɓullo a ƙafa daidai lokacin noman firi, lokacin da rana ɗaya ta ƙato ta fi mako guda na rani daraja. Gwaggo ta ga wannan da idonta, ba labari aka ba ta ba: yadda ake kama kan tsutsar a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan, ana kaffa-kaffa kada ta tsinke ƙafar ta rure. Gidan da maza biyu suka kwanta da kurkunu a damina ɗaya, ciyawa ce ke cinye gonarsu sai dai idan maƙwabta sun yi musu gayya. Sai a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya cewa ta rabu da shi.

Masu magani kowa da fanninsa. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire belu, maɗori ke ɗaurin karaya, malam ke ba da rubutu da laya, ungozoma ke yanke cibiya, tsofaffin mata kuma su ke da jiƙe-jiƙen shawara da na haƙori. Na tsaya sosai kan jego, saboda waccan mata ta layi na huɗu. Mai jego takan yi kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa shi a jiki da ganye, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, duk don tsoron kada sanyi ya shige ta. Gwaggo ta ce da ganyen darbejiya ake yi, sai na tuna mata cewa darbejiya baƙuwa ce, sai wajen 1928 aka fara dasa ta a Borno, ta yi shiru kaɗan sannan ta ce gaskiya ne, Iya da ganyen tsamiya take faɗa. Irin wannan gyara shi ke nuna mini inda zamaninta ya hau kan na kakarta, don haka yanzu duk abin da ta ambata sai na auna ko ya kai wancan lokaci. Likitoci a Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin zafin nan suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Na rubuta hakan a babin, tare da cewa matan da suka yi ta ɗibar ruwa da faskare har kwana 40 saboda 'yarsu, ƙauna ce ta sa su, kuma da iyakar saninsu suka yi.

Game da yaran nan shida da suka rasu, Gwaggo ta ce ɗaya daga matan mai gandun wabi take yi, har aka kai ga kiran na ƙarshenta da irin laƙabin nan na Ajuji, don a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta ƙyale shi.

9 ga Yuni, 2024

Ruwa ya sauka, an fita shuka, ni ma na bi ɗan Baffa muka taka iyakokin tsohon gandun, wanda rabon gado ya yanka yanzu zuwa gonaki fiye da 20. Fadamar ta sauya kama tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, amma tudun yana nan da shaidunsa: layin gamba da ke raba gona da gona, da ɗorawoyi, da manyan gawo waɗanda ke zubar da ganye da damina su bar dawa ta sha rana. A kusurwar gabas muka tarar da wata ƙatuwar kuka, ƙarƙashinta ƙasa ta yi baƙi, ga katanga ta fasassun tukwane da garma ke tonowa, ga wani dutsen niƙa da ya lotse har tsakiyarsa ta kusa hujewa. Na tambayi sunan wurin, ya ce Rinji ake ce masa, yana faɗa kamar yadda ake faɗin sunan kowace gona. Na tambaye shi inda mutanen rinjin, wato mazaunin bayin gandun, suka koma, ya nuna mini unguwar da ke bayan masallacin Juma'a, inda na yi wasan ƙasa da yaranta ina ƙarami.

14 ga Yuli, 2024

Sai da na yi wata guda ina jan ƙafa kafin in iya yin sallama a ƙofar dattijon da ya fi kowa shekaru a waccan unguwa, domin maganar bauta a ƙauye ba abin wasa ba ce, kuma mutum yana iya ɗaukar tambayar a matsayin gori. Na tafi da goro da turare, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo neman ilimi ne a kan abin da gidanmu ba ya faɗa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa aka shimfiɗa mini buzu a zaure, ya sallami yaran da ke wurin.

Kakarsa ta wajen uba an kamo ta ne tana yarinya daga duwatsun kudu, aka sayar da ita hannu zuwa hannu har ta faɗo gandunmu, aka laƙaba mata sunan da ba a yanka rago a kansa ba, kuma har ta mutu akwai wata waƙa da take yi a bakin dutsen niƙa da harshen da ba mai ji. A rinjin maza da mata duka suke fita noma, ƙarƙashin sarkin gandu, wanda shi ma bawa ne. Su ma suna da gayauna bayan azahar, kuma 'ya'yan da aka haifa a nan, wato cucanawa, sun tashi da Hausa da salla, kuma abin kunya ne a sayar da su, ko da yake ya ce kunya ba ta hana komai idan bashi ya kama mai gida. Wanda ke da sana'a yana iya neman murgu, ya riƙa biyan ubangidansa wani abu yana aikin kansa, har ya tara kuɗin fansa, wanda ake ƙirgawa da keso, kowane keso wuri 20,000. Na kawo masa maganar jego na kwana 40, sai ya girgiza kai ya ce wannan na cikin gida ne, macen rinji idan damina ce ba ta cika kwanakin ba take komawa gona, ta kwantar da jariri a inuwar ɗorawa, yarinya na kora masa ƙuda.

Daga nan shi da kansa ya kawo abin da na zo nema ban furta ba. Ya ce lokacin da uwargidan mai gandu ta rasu ta bar ɗan kwana tara, kakarsa na goyo, sai aka ɗauko ta daga rinji aka shigo da ita cikin gida, ta haɗa su biyu a ƙirjinta har yaye. A shari'a, wanda mace ta shayar ya zama ɗanta, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa, don haka kakan mahaifina da mahaifin wannan dattijo wa da ƙane ne ta hanyar nono. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ka daina ce mini Baba, ai kai jikana ne." Daga yau Kaka zan riƙa rubuta shi a wannan kundi.

Na dawo gida na sake ɗauko hoton warƙar nan. Malamin da ya rubuta ta ya kiyaye ranar haihuwar yara 11 da watanninsu, amma matar da ba don ita ba da babu ni, babu Gwaggo, babu ɗan Baffa, ba ta samu ko harafi ɗaya ba. Shelar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, kuma a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, amma a bakin gidanmu har yau gandun na mutum ɗaya ne. Kaka ya roƙi kada in sa sunansa ko na unguwarsu saboda auren jikokinsa, na kuwa yi masa alkawari, kuma saboda haka ne ba za a ga sunan ƙauyen ko na kowa a littafin ba.

25 ga Agusta, 2024

Marka ta hana zirga-zirga, sai na zauna kan babin yunwa. Gwaggo da Kaka duka sun ba ni labarin wata babbar yunwa da aka ci tafasa da ganyen aduwa, aka tona gidan tururuwa ana neman ƙwayar hatsi, kuma dukansu Ƙaƙalaba suka kira ta. Wannan ta 1914 ce, lokacin Iya na da 'ya'ya, don haka na cire ta daga cikin zamanin da nake rubutu a kai, na bar ta a rataye. Abin da ya shiga shi ne yunwar kowace shekara, ta tsakanin ƙarewar rumbu da nunar gero, lokacin da aiki ya fi tsanani kuma tuwo ya fi ƙaranci, lokacin da zazzaɓi da gudawa ke kwasar yara. Kaka ya ce ranar da aka fara gasa tumu ita ce ranar da rinji ke yin dariya. Haka kuma annobar shanu ta wajen 1890 zuwa 1891, wadda ta share garken Fulani a faɗin ƙasar nan, ta taɓa gandun ta hanyar da ban zata ba. Fulanin da ke sauka a gonar bayan girbi su bar taki sun zo hannu rabbana, fura ta koma ta ruwa, kuma dawa ta yi shekaru ba ta cika rumbu ba.

13 ga Oktoba, 2024

Babin labarin unguwa ya fi kowanne daɗin rubutu, domin a nan muryoyin biyu suke haɗuwa. Labarin nesa da ƙafa yake zuwa. Marinan Kura da wakilansu suna zuwa sayen baba su taho da zancen birni, 'yan koli suna yawo kasuwa-kasuwa, fataken goro kuma idan sun dawo daga Gwanja bayan watanni akan cika zaure ana jin wanda ya mutu a hanya da wanda ya yi arziki, har da rikicin da ya watsa kasuwar Salaga a 1892. Zuwan jakada shi ne labarin da ba a so, domin da shi ake sanin kuɗin ƙasa da kuɗin shuka na bana, ban da zakkar dami ɗaya cikin goma. Don mai karatu ya gane nauyin wuri, na sa lissafin da Baturen nan Barth ya samu a Kano a 1851, cewa wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda.

Labarin kusa kuwa a hannun mata yake, duk da kulle. Yarinya mai tallan fura takan shiga gida goma kafin azahar, makitsiya takan wuni a tsakar gida, dillaliya ta san wadda ta sayar da tasarta a ɓoye, bayi mata kuma su ke zuwa rijiya da daji, don haka su ke shigo da zance cikin gida su fita da wani. Abin da ake tattaunawa bai wuce wadda ta yi yaji da wanda ya je biko ba, da akuyar da ta yi ɓarna, da wanda ya ci iyaka ya matsar da gamba, da gidan da baƙon dauro ya shiga a hana yara zuwa, da wanda ya kira gayya ya kasa ciyar da mutane.

Sai kuma labarin da ake ji da gudu. Tun bayan da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya shiga duwatsun Ningi a wajen 1846, kudancin Kano bai sake barci da ido biyu rufe ba, kuma ƙasar Rano tana kan hanyar maharan Ningi. Iya ta gaya wa Gwaggo cewa an bar sarƙaƙiya da gangan a bayan gari don ɓuya, kuma ba a barin yaro ya je tsaron gona shi kaɗai. Kaka ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai, cewa wanda ke bakin gona shi ake fara kamawa, kuma an san ko su wa ke bakin gona. A Basasa, bayan Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, sun fita sun yi sansani a Takai, gidan ya binne hatsi a rami aka baza toka a kai, domin kowane ɓangare ya zo abinci yake nema. Bayan shekara 10 kuma, Iya na da goyo, aka ji Turawa sun fasa Bebeji suna kan hanyar Kano, kuma a cikin makonnin da suka biyo baya mutum huɗu daga rinjin suka kama hanyar garuruwansu. Kakar Kaka ba ta bi su ba, ta ce ba ta san hanyar ba, kuma ga 'ya'yanta a nan, na ciki da na nono.

8 ga Disamba, 2024

An gama girbi, dangi sun taru don ɗaurin auren wata ƙanwarmu, sai na yi amfani da damar na karanta musu babi uku da daddare. An ji daɗin na auduga da na kasuwa, har wata inna ta gyara mini cewa alli ake shafa wa yatsa, ba toka ba kamar yadda na rubuta a wuri ɗaya. Da na shiga babin rinji sai wani yayana ya dakatar da ni, ya ce wannan tonon silili ne, mene ne amfanin tayar da abin da ƙasa ta rufe. Na ba shi haƙuri, na ce na ɓoye sunaye kuma ba zan zagi kowa ba, amma ba zan iya rubuta yawan damin da aka ɗaure in bar hannuwan da suka ɗaure shi ba. Ana cikin haka Gwaggo, wadda kowa ya ɗauka ta yi barci, ta ɗago ta ce a bar Babana ya karanta, domin Iya da kanta duk Sallah takan aika wa tsohuwar nan ta rinji da tuwo da zane, kuma mijin Iya bai taɓa kama sunan tsohuwar ba, Inna yake ce mata. Wannan ne karo na farko da ta faɗi haka, na kuwa shigar da shi a babin a daren.

Yanzu ina da awa 31 na murya, na juye 19 zuwa rubutu. A watan Janairu, in Allah ya kai mu, zan je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna in duba rahotannin ƙididdigar haraji na gundumar Rano na farkon zamanin Turawa, don in gwada yawan gidaje da amfanin gona da abin da aka gaya mini. Kafin nan akwai tafiya wajen Kibiya, inda ƙanwar Kaka take aure, domin ya ce ita ce ta riƙe waƙar niƙan kakarsu, kuma ya yi mini alkawarin haɗa ni da jikansa ya raka ni ranar Asabar mai zuwa.